Wata 14 ina kai Inna awon suga da tansiyon a wani ƙaramin asibiti a Garwa, ga abinda na gani

Salamu alaikum jama'a. Tun kwanaki mutane ke damuna da tambaya wai ina nake kai Inna awon suga, ya wajen yake, nawa ake kashewa, ana wulaƙanci ko ba'a yi, toh na gaji da amsawa ɗaya-ɗaya shiyasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Sunan wajen kam bazan faɗa ba, don akwai maganganu marasa daɗi da zan yi kuma bana so aje a tsare wata baiwar Allah da tambaya akan laifin da ba nata ba. Ƙaramin asibiti ne irin na unguwa, ba babban lopital ba, daga Yelwa in ka hau kilando, wato babur ɗin haya, minti goma bai cika ba ka isa.

Yadda abin ya faro, lokacin zafin nan na Maris da Afirilu da Garwa ke haura 40 Inna ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsarin dare sau biyar sau shida, mu duk muka ce ai zafi ne waye baya shan ruwa. Damina ta zo ta wuce abu bai canja ba, sai rama, zani ma baya zama a ƙugunta. Wannan yace shawara ce wancan yace basir, wata maƙociya ma cewa tayi hannu aka sa mata, jiƙe-jiƙe babu irin wanda bata sha ba. Sai ranar 14 ga Nuwamba da ake ranar ciwon suga ta duniya akai awo kyauta, ƙanwata mai karatun infirmiye, wato aikin nas, ta jata kusan da faɗa. Bata karya ba amma gilisemi, wato awon suga, ya nuna 2.8, tansiyon, wato awon hawan jini, 17/10. Ga ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka, mu nan da giram ake faɗa, in ka tashi baka ci komai ba aka auna ya kai 1.26, aka sake wata rana ya sake kaiwa, toh suga ce. Kunga 2.8 ai ya ninka har da ɗori.

Tsarin wajen shine duk Talata ranar masu suga da hawan jini ce, kowane mara lafiya yana da randebu, wato ranar da aka sa masa ya dawo, sau ɗaya a wata. Likita ba kullum yake nan ba, zuwa yake jefi-jefi, wadda ke riƙe da abin gaba ɗaya wata infirmiya ce babba da kowa ke cewa Majo. Gaskiya ranar farko raina abin nayi, a raina nace mun biya kuɗin kilando mun zo ashe ko dokta babu, har na fara lissafin in ɗauke Inna mu tafi wajen da za'a ga mai babban kwali. Allah yasa ban yi ba.

Abinda ya fara canja min tunani zuwanmu na uku ne, lokacin sanyi, hunturu ya busa ƙafar kowa tayi faso. An auna tansiyon an auna suga na ɗauka an gama har na miƙe, sai Majo ta cewa Inna da Fillanci "Dada, cire takalmi". Ita haka take kiran duk tsofaffin mata, Hausarta ta kasuwa ce amma tana ƙoƙari, in ta maƙale sai ta juya Fillanci ko ta kalle ni in fassara. Inna ta fara jan jiki wai ƙafarta da ƙura, Majo bata ko kula ba ta jawo kujera ƴar tsugunno ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar akan cinyarta. Ta ciro wani siririn zare mai tauri kamar na kamun kifi, tace Inna ta rufe ido, duk inda taji an taɓa tace eh. Ta dangwala a babban yatsa, shiru. Ta dangwala a tafin ƙafa har zaren ya lanƙwashe, shiru, Inna na zaune ido rufe tana jiran a fara. Wallahi jikina yayi sanyi. Daga nan ta bi yatsun tana buɗawa ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani ciwo tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa dashi har ya fara ruwa, lalle ya rufe shi baƙi ƙirin babu wanda ya gani, ita kanta mai ƙafar bata san dashi ba don bata jin zafi. Majo ta ɗago ta kalle ni tace "ɗan Dada, wannan da kake gani ƙarami shi ke sa a yanke ƙafa". Tayi bayani cewa suga in ta daɗe sama tana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ji, kuma jini baya gudu sosai zuwa ƙasa, shiyasa ƙaya ko ƙusa zata shiga mutum baiji ba kuma ciwon yaƙi warkewa. Sati uku muna zuwa wankin ciwo har ya rufe. Ta hana yawo ba takalmi ko a tsakar gida, ta hana sa ƙafa kusa da kaskon wuta, lalle kuma tace a sa a hannu a bar ƙafa ta huta, akan wannan ne kawai har yau suke ƴar tsama da Inna.

Na biyu, kuma shine dalilin da yasa har yanzu muna can. Akwai watan da na tafi Ngaundare da kaya na kwana biyu, Inna kuma taji ƙarfin jikinta tace ai ta warke, maganin ma ta ajiye, randebu ya wuce babu wanda yaje. Kwana huɗu bayan nan ina cikin mota sai ga baƙuwar lamba, ina ɗauka naji "ɗan Dada ina uwarka, ban ganta Talata ba". Da kiredin ta ta kira fa, ba na asibiti ba. Ashe tana da wani babban rajista mai baƙin bango, kowa da shafinsa da lambar wani nasa, duk ƙarshen sati sai ta bi ta ga waye bai zo ba. Nace mata ai Inna ta samu sauƙi, tace sauƙin maganin ne ba warkewa ba, wannan ciwon abokin zama ne ba baƙo ba, ku kawota. Da muka je suga ta koma 2.3.

Da nake ba ƙanwata labari sai tace ai abinda Majo keyi ba ƙirƙirarta bace kawai, anyi bincike akai a nan Kamaru ma, suna karanta shi a makaranta. A yankin Tsakiya, ƙauyukan da ke kewayen Yawunde, wani likita Labhardt da abokan aikinsa sun horar da infirmiyoyi a ƙananan asibitoci su riƙa kula da masu hawan jini da suga ba sai an jira dokta ba, sakamakon ya fito a 2010. Waɗanda suka ci gaba da zuwa tansiyon ɗinsu da sugarsu sun sauka sosai, wato aikin infirmiyoyin yayi, amma matsalar itace mutane basa dawowa, bayan shekara ɗaya waɗanda suka rage basu kai ɗaya cikin biyar ba. Sai suka sake wani gwajin da ya fito a 2011, wasu asibitocin in mutum bai zo ba a aika masa takarda gida a tuna masa, wasu kuma in ka riƙe randebu wata huɗu a jere a baka maganin wata ɗaya kyauta, wasu a barsu yadda suke. Bayan shekara, inda ake aika takarda kashi 65 cikin ɗari suna nan, inda ake kyautar magani kashi 60, inda ba'ai komai ba kashi 29. Ni abinda ya bani mamaki takarda ta fi kyautar magani, ashe mutum yaji cewa akwai wanda ya lura bai zo ba ma wani magani ne. Kafin su ma su Farfesa Jean Claude Mbanya, ɗan ƙasarmu da ya taɓa shugabantar ƙungiyar ciwon suga ta duniya, da Andre Pascal Kengne sun gwada irin wannan a Bafut da unguwar Biyem-Assi ta Yawunde. Toh kunga ni da nazo ina raina infirmiya ashe ni ne a baya.

Yanzu bari in zo inda ake yinta, don ba yabo kawai na zo yi ba.

Jira. Kai jama'a, jira! Ana ce maka kazo baka karya ba, Inna tun asuba take shiri ƙarfe shida da rabi muna kan benci ƙarƙashin darbejiya, amma sau da yawa sai goma ta wuce kafin a soki yatsanta. Tsofaffi wajen talatin ko fiye zaune da yunwa, wasu sun sha magani tun a gida, wani dattijo a gabana ya fara gumi yana karkarwa sai da aka nemo masa ruwan sukari. Kuma ba wai Majo na zaune tana latsa waya bane, a'a, ita kaɗai ce. Tana cikin auna mutum za'a leƙo ace mai naƙuda ta iso, ko an kawo yaro yana suma da zazzaɓi, ko wanda kilando ya kayar, dole ta ajiye mu ta ruga, ta dawo ta wanke hannu ta ɗora daga inda ta tsaya, wani lokaci ma daga aikin dare ta zarce, idonta jajir. Masu taya ta yara ne ƴan sitaj masu koyon aiki da masu aikin sa kai da basu da albashi, kafin su gane kan rajistar sun tafi an kawo wasu. Hannu ɗaya ai baya ɗaukar jinka. Na taɓa ce mata me zai hana a fara soke yatsun kowa da sassafe a rubuta, mutane su karya, sannan a shiga ganin mutum ɗaya-ɗaya, tace ta sha faɗa amma wa zai yi, mai buɗe kes, wajen biyan kuɗi, baya zuwa sai bakwai da rabi kuma ba'a awo sai da rasit.

Ranar da abin ya ƙona min rai da gaske cikin azumi ne. Tun saura sati uku Majo ta zaunar da Inna tayi mata magana, tace a ganinta ta sha azumin ta ciyar, Inna tace ita tunda ta balaga bata taɓa sha ba sai na al'ada, ba yanzu zata fara ba. Da taga bazata ji ba sai ta nemi likita aka cire mata gilibenkilamid, wani ƙaramin ƙwaya da ke faɗar da suga ko kaci ko baka ci ba kuma dama ba'a cika son shi ga wanda ya haura 60 ba, aka bar mata metformin aka gyara lokutan sha, ta rubuta a karne, littafin asibitin Inna, da jan biro har ta ja layi biyu. Sai akai rashin sa'a randebu na gaba Majo bata nan anyi mata rasuwa ta tafi ƙauye. Wanda ya zauna a kujerarta ko buɗe shafin ƙarshe baiyi ba, ya duba tsohuwar odonas, takardar magani, ya kwafe yadda take ya miƙo, ni kuma laifina ban duba ba na saya na kai gida. Kwana biyu bayan nan wajen la'asar matata ta kira ni a kasuwa tana kuka wai Inna na gumi tana magana ba kan gado. Allah ya taimaka mun sayi na'urar awo ta gida, aka auna 0.55. Dama Majo ta gaya mana duk sanda ya sauka ƙasa da 0.70 ko ya haura 3 a karya azumi ba jayayya, aka dama sukari aka ɗura mata, cikin minti kaɗan ta dawo hayyacinta, abinda ta fara tambaya wai an kira magariba ne. Da Majo ta dawo na faɗa mata, tayi shiru ta riƙe kai, bata zagi abokin aikin nata a gabana ba, tace ranar shi kaɗai ne da ɗakin awo da ɗakin allura duka. Na gane, amma gane ɗin baya cire cewa da tsakar dare abin ya faru da wani labarin ake yanzu.

Ƙanwata dai da na huce ta sake kawo min wani karatun nasu, na wata farfesa a Amurka Linda Aiken. A 2002 ta bi asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas akan waɗanda take kula dasu, haɗarin mutuwar wanda akai wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, ita nas ɗin kuma haɗarin ta ƙone da gajiya ta fita hayyacin aikin na ƙaruwa da kashi 23. A 2014 aka maimaita a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, kashi 7 ɗin nan ya sake fitowa. Nace mata su can ana maganar mutum huɗu ko takwas ne akan nas ɗaya, ki zo Talata ki ƙirga benci. Hukumar lafiya ta duniya tace ana buƙatar likitoci da nas da ungozoma aƙalla 4.45 ga kowane mutum dubu, Kamaru da Cadi duka suna cikin jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023 masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya. A shekarar ne ma ma'aikatan asibitocin gwamnati sukai yajin aiki akan dubban ƴan wucin gadi da suka shekara da shekaru ba'a ɗauke su ba, daga baya shugaban ƙasa a jawabin ƙarshen 2024 yayi maganar ɗaukar 9,944. Mu dai a bencinmu har yau mutum ɗaya muke gani.

Sauran ƙorafin a gurguje. Farmasin ciki yau akwai gobe babu, sau uku ana turamu waje kuma a waje kuɗin ya fi. Tsinken awon suga ya taɓa ƙarewa sai masu na'ura a gida suka taimaki na kusa dasu. Sirri babu, labule ne kawai tsakaninka da masu jira, kowa na jin sugar kowa, akwai wata hajiya da ta daina zuwa saboda haka. Banɗaki kuwa gara kar in fara, kuma ku tuna masu suga ne ke zaune awa uku. Babban awon nan na wata uku-uku da ke nuna yadda suga ta zauna a jini, hemogulobin gilike, basa yi sai ka tafi babban labo cikin gari.

Shi wannan awon ne ma ya nuna ƙwaya kaɗai bata riƙe Inna, likita ya ƙara mata insulin ta dare. Nan ma Majo ce ta zauna da matata ta koya mata allurar akan lemo har hannunta ya daina rawa. Damuwata wajen ajiya ce don firigo ɗinmu sai wuta ta ga dama. Tace wadda ba'a buɗe ba tana son sanyin firigo tsakanin 2 da 8, kar ta daskare, amma wadda ake amfani da ita in babu hali a nemi ƙaramar tukunyar ƙasa a sa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke bi, kwalbar a ɗaure ta a leda kar ruwa ya taɓa bakin. Akwai binciken da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da jami'ar Janeba suka fitar a 2021 bisa yanayin sansanin Dagahaley a Kenya, suka ga insulin na riƙe ƙarfinta sati huɗu ko da zafi na hawa da sauka tsakanin 25 da 37. Amma fa ɗakin kwano a Garwa cikin Afirilu ya wuce 37 nesa ba kusa ba, don haka kar wani yaji wannan ya ajiye akan taga.

Maganar abinci nan ma na yaba mata, bata ce a sayo wani abin Turawa ba. Tuwon dawa ko masara dai da aka saba amma malmala ɗaya ƙarama, miyar ganye ta fi yawa, kuka, kuɓewa, yakuwa, tafasa, kifin Binuwai in an samu, gishiri da ɗunƙule a rage saboda tansiyon. Yaƙin da aka sha akan shayi ne da kunun safe, don Inna shayinta in cokali bai tsaya ba bata sha ba.

Kuɗi, wata mai sauƙi kafin insulin da awo da magani da kilando zuwa da dawowa jaka biyar zuwa bakwai nake kashewa, da insulin ta shigo ya haura goma. Inshorar lafiya ta CSU da ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar a Afirilun 2023 ta taimaki masu wankin ƙoda sosai, da sefa 5,000 ake biya duk zama ɗaya yanzu 15,000 ne a shekara, amma mu maganin wata-wata daga aljihu yake fita. Abin na bani haushi in na tuna suga da hawan jinin nan su ne manyan masu kai mutum ga injin wankin.

In za'a ce in bada maki, Majo biyar cikin biyar, wajen kansa biyu da rabi, kuma rabin ma don darbejiyar ne. Wanda zai kai nasa ya tafi da abin karyawa a leda da ƴan ƙwayoyin sukari a aljihu, ya bada lambar wayar da ake samunsa, kuma duk ranar da ya tarar da baƙuwar fuska a kujerar ya buɗe karne da kansa ya nuna shafin ƙarshe kafin a rubuta komai. Tansiyon ɗin Inna na wannan watan 13/8, suga 1.3, ƙafa lafiya lau. Talata mai zuwa akwai bikin jikarta, tun yanzu ta fara lallaɓa matata wai a sa mata lallen ko a dunduniya ne kawai Majo bazata gani ba.